Jariran mage masu lafewa: ra'ayina kan wani shagon likitan dabbobi a Birnin Kebbi

In jaririn mage ya fara lafewa a hannunku a garin ga, wato ya yi sanyi ya kasa tsotso ƙarfinsa na ƙarewa, akwai inda za ku kai shi a duba shi da gaske ba tare da an yi muku dariya ba. Wurin yana da abin yabo sosai, yana kuma da abin haushi, kuma saboda abin haushin ne ba zan kama sunan shagon ba. Duk mai kiwo a Birnin Kebbi dai ya san irin shagunan nan, gaba kanti cike da maganin kaji da na shanu da buhunan abincin kifi, can baya kuma ɗan ɗaki da teburin ƙarfe inda likita ke duba dabba in yana nan. Ku riƙe wannan kalmar, in yana nan, don kusan duk ra'ayina a kanta ya rataya.

Mu mage ba don ado muke ajiye ta ba, sito ne da mu na shinkafa kuma duk wanda ya taɓa ajiye buhun shanshera ya san abin da ɓera ke yi. Magenmu ta haihu cikin sanyin hunturu, guda biyar, a bayan buhuna, lokacin da iskar nan ta fadama ke shigowa da asuba har mutum babba ma sai ya ƙara bargo. Kwanakin farko lafiya lau, kafin sati ya cika sai ga ɗaya kullum yana gefe, 'yan uwansa sun dunƙule a cikin uwa suna tsotso shi kuma yana ta kuka siriri ba ƙaƙƙautawa, in an mayar da shi kan nono sai ya kama ya saki. Washegari kukan ma ya ragu. Inna ta leƙa ta ce bar shi ɗiyata, mussa ta san ɗan da ba mai zama ba ne shi ya sa ta ware shi. Yara kuwa sunka sa rigima, shi ne na naɗe shi a tawul munka hau keke napep.

Na yi sa'a likitan yana nan. Bai tambaye ni komai ba tukuna, sai da ya ɗora shi a tafin hannu ya sa ɗan yatsa cikin bakinsa, ya ce Hajiya bakin nan sanyi ƙalau kuma ba ya jan yatsa. Ya ɗaga leɓe ya nuna min dasashi, maimakon ja-ja mai sheƙi sai ga shi fari-fari yana manne wa yatsa. Ya sa ma'aunin zafin jiki ta baya, digiri 34. Ya ce jariri a satin farko tsakanin 35 da 37 ya kamata ya kasance, babbar mage kuwa 38 zuwa 39 ne, to in ya sauka ƙasa da haka hanji tsayawa yake yi cak, duk madarar da aka ɗura masa ba za ta narke ba, zama za ta yi ta kumbura ciki ko ta dawo ta bi ta huhu. Nan na gane dalilin da ya sa da na ce a ba ni madara in ba shi ya ce a'a, ba yanzu ba.

Abin da ya yi da idona na gani. Ya sa yaron shago ya kawo ruwan ɗumi daga fulas a gorar roba, ya gwada ta a bayan hannunsa, ya naɗe ta da tsumma ya kwantar da jaririn a jikinta ya rufe su tare har kai, sai ɗan hanci kawai a waje. Sannan ya dama garin gulukos da ruwa kaɗan ya yi kauri, yana dangwala yatsa yana shafawa a dasashi, ba ɗurawa ba, shafawa, ɗigo ɗaya duk bayan kamar minti 3. Yana yi yana murza masa baya a hankali yana juya shi daga wannan gefe zuwa wancan. Ya ce kar a yi gaggawar ɗumama shi, in aka kai shi bakin kaskon gawayi ko aka shanya shi a rana zafin zai bugi fata ne cikin bai ɗumama ba, ga ƙuna ga ƙarin bushewa. Mun fi awa zaune kafin abin ya fara motsa kai yana neman inda zai kama. Sai a lokacin ya yi masa allurar ƙarin ruwa mai ɗumi a ƙarƙashin fatar wuya, daga baya kuma ya ba shi madara da sirinji, mil 2 kacal, yana kwance rub da ciki kai a ɗan ɗage.

Wallahi wannan tsarin kaɗai ya biya kuɗin ganin likita. Ɗumi tukuna, sai suga, sai madara a ƙarshe. Mu a gida da madara muke farawa saboda tausayi, mun ga yana kuka mun ce yunwa ce.

Yayin da muke jira ya yi min bayani ba tare da ya cika ni da Turanci ba. Ya ce wannan lafewar ta jariran mage ba cuta ɗaya ba ce, hanya ce da cututtuka daban-daban ke bi su kashe jariri a makonnin farko kafin yaye, kuma satin farko da na biyu sun fi haɗari. Jariri ba ya iya riƙe zafin jikinsa da kansa sai ya doshi sati 3 zuwa 4, a kwanakin farko ko rawar sanyi ma ba ya iya yi, jikinsa kuma ba ajiyar suga ko kitse. To da ya ɗan rabu da uwa sai ya yi sanyi, in ya yi sanyi ba ƙarfin tsotso, in bai tsotsa ba suga ya faɗi ruwa ya ƙare, in suga ya faɗi sanyin ya ƙaru, haka abin ke zagayawa, cikin awanni kaɗan sai a wayi gari ya tafi. Maganar Inna kuwa ya ce da gaskiyarta ta wani ɓangare, uwa tana ware wanda ya yi sanyi ba ya motsi, amma sau da yawa in anka ɗumama shi ya dawo yana kuka yana neman nono sai ta karɓe shi. Kuma wannan tsoron da ake yi na cewa in mutum ya taɓa jariri uwar za ta ƙi shi, ya ce magen gida da ta saba da ku ba ta damu da ɗauka na minti ɗaya da hannu mai tsabta ba.

Abin da ke tayar da abin tun farko shi ne ya ce dole a nemo. Wani an haife shi ƙarami ne, nauyin haihuwa wajen giram 100 ne, wanda bai kai 75 ba yana cikin haɗari tun ranar farko. Wani bai sha dakashi ba, wato nonon farko, kuma garkuwar da ke cikinsa a ranar farko kawai hanjin jariri ke iya ɗaukarta, in ta wuce ta wuce. Wani cibiya ce ta kama ƙwayar cuta ta shiga jini, shi ya sa ya duba cibiyar namu ko ta yi ja ko tana ruwa. Wani an haife shi da tsaga a saman bakinsa ta ciki, duk abin da ya sha sai ya fito ta hanci. Akwai murar mage, akwai wata muguwar cutar hanji mai sa amai da zawo da ke share haihuwa gaba ɗaya in uwar ba ta da rigakafi. Har da rashin jituwar jini ya ambata, uwa mai jini B ta haifi ɗa mai jini A, nononta na farko ya riƙa fasa jininsa, fitsari ya koma ja-baƙi, ya ce wannan an fi ganin shi a irin magunan waje da ake saye da tsada.

Namu kuwa ƙuma ce. Ya buɗe gashin cikinsa da yatsu biyu sai ga su suna gudu, ga baƙin kashinsu ko'ina. Abin da duka-duka jininsa bai taka kara ya karya ba, ƙuma ta taru a kansa tana zuƙa, ai dole dasashi ya yi fari. Ya sa anka kawo matsefi mai ƙananan haƙora ya riƙa tsefewa yana tsoma su a ruwan sabulu. Ba feshi, ba hoda, ba allura. Ya ce in koma gida in kwashe duka in canza musu shimfiɗa, uwar kuma a kawo ta a ba ta maganin da ya dace da mai shayarwa don ita ce tushen abin.

Sai sikeli. Wannan shi ne abin da na fi jin daɗin saye a shagon, kuma ba ma kayan mage ba ne, ɗan sikelin kicin ne mai batir irin na masu yin kek. Jaririnmu ya hau giram 88, da na auna 'yan uwansa a gida kowa ya haura 140. Ana cewa ido ba mudu ba amma ya san kima, to a nan ido bai san komai ba, don ni kullum ina kallonsu ban ga bambancin ba sai da ya yi nisa. Lafiyayyen jariri yana ƙara giram 10 zuwa 15 kowace rana, kafin sati 2 ya ninka nauyin haihuwarsa. Wanda ya kwana bai ƙara ba a sa masa ido, wanda ya ragu kuwa a ɗauki mataki a ranar ko da yana tsotso yana motsi, don sikeli na riga ido ganin matsala. Kwano kawai za a ɗora a mayar da lamba sifiri a saka jariri, a rubuta a littafi, lokaci ɗaya kullum. Ni da kamanninsu na rubuta su a littafin, mai baƙin kunne, mai farar ƙafa, haka dai. In kuɗinku na abu ɗaya ne to sikelin nan za ku saya kafin gwangwanin madara.

Madarar ita ma suna da ita, ta gari ce ta jariran mage zalla, daga waje ake kawo ta kuma tsada kam ba a magana, gwangwani ɗaya ya fi kuɗin ganin likita da allurar duka. Amma tana aiki, tana narkewa ba gudaji, kashi bai tsinke ba. Likitan ya ja min kunne kan madarar shayi da nonon shanu, ya ce nonon mage ya fi su furotin da maiƙo nesa ba kusa ba, na shanu kuma yana sa su zawo, zawo kuwa ga jaririn da dama ruwa ya ƙare masa kun san inda za a je. Na akuya ma na rufa asiri ne na dare ɗaya kafin a samo na gaskiya. Ƙa'idar da ya ba ni mai sauƙi ce, cikin jariri ba ya ɗaukar fiye da mil 4 a kan kowane giram 100 a zama ɗaya, a ba shi duk awa 2 zuwa 3 har cikin dare, madara da ɗumi ba zafi ba, a dama ta daidai sha ɗaya tunda wuta ba tabbas balle a dogara da firiji. Kada a kwantar da shi rigingine kamar jaririn mutum. In an ga madara ta fito ta hanci a tsaya nan take. Bayan ya sha a samu auduga da ruwan ɗumi a shafa masa ƙasan ciki da wajen wutsiya har ya yi fitsari, don kafin sati 3 ba sa iya yi da kansu sai uwa ta lashe su, kuma fitsarin ma labari ne, in fari ne tas jiki da ruwa, in ya yi ɗorawa sosai ruwa ya yi ƙaranci.

Wata dabara da ya ba ni kyauta, safa a cika ta da ɗanyar shinkafa a ƙulle baki, a ɗumama ta a busasshiyar tukunya, a gwada a wuyan hannu sannan a naɗe a sa a kwali. Tana riƙe ɗumi kuma ba ta yoyo. Ya ce a bar gefe ɗaya na kwalin ba ɗumi don in zafi ya yi yawa ya samu inda zai ja jiki. Mu da shinkafa ba ta yanke mana a gida, wannan kam ta zo daidai.

To yanzu abin haushi.

Fidar da suke sayarwa tare da madarar ba ta da amfani ga sabon haihuwa. Kan robar ya yi girma, ya yi tauri, ba a huda shi ba, in ka huda da allura madara ba ta fita in ka ƙara kuma ta zubo gaba ɗaya. Shi kansa likitan da sirinji ya yi amfani, amma a kanti yaron sai da ya haɗa min da fidar ya ce tare suke tafiya. Ku sayi sirinji ƙarami na mil 1 a cire allurar, ya fi ta sau goma kuma kuɗinsa ba ya ciwo. Gwangwanayen madarar kuma a saman kanta suke kusa da kwanon rufi inda rana ke dukansu, na farko da anka miƙo min saura kaɗan kwanan watansa ya ƙare, sai da na juya gindinsa na gani na ce a canza. An canza ba musu, amma wanda bai duba ba fa?

Babban abin shi ne ranar da na koma da na biyu. Wata 'yar mace ce a cikinsu, sikeli ya nuna ta tsaya sannan ta fara raguwa. Na isa da yamma likita ya tafi ƙauye wajen Kalgo duba shanu, sai yaron kanti. Yaron yana da ladabi ba laifi, amma da na ce ƙuma ce ta dame su sai ya ɗauko min maganin feshin kaska na shanu ya ce Anti ki ɗan tsarma shi da ruwa ki shafa musu, ya ƙara da allurar nan ta LA da ake yi wa tumaki wai kaɗan za a ɗiba. Da ban ji bayanin maigidansa da kunnena ba da na karɓa. Magungunan kaska da ƙwari na shanu da karnuka, musamman masu sinadarin fametirin, guba ne ga mage ko babba ce balle jaririya, rawar jiki da farfaɗiya suke sa ta. Haka fiya-fiya da wasu ke zubawa a sito. Haka farasitamol, wanda mu muke sha kamar ba komai ba, hantar mage ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya na iya kashe babbar mage. Shagon da ke karɓar mage bai kamata ya bar wanda bai san wannan ba shi kaɗai a kanti yana ba da shawara ba. Na kira likitan a waya ya ɗauka, ya hana, ya ce in ci gaba da ɗumi da gulukos in kawo ta da safe. Ba ta kai safen ba. Ban ɗora masa laifin mutuwarta ba, tun ranar farko ya faɗa min gaskiya cewa wasu ko me aka yi ba sa tashi, kuma ita numfashinta ya riga ya canza tana buɗe baki. Amma da akwai wanda zai yi mata ƙarin ruwa a daren da an gwada. Ba su da aikin dare kwata-kwata, ana kiran magariba an ja ƙofa, alhali wannan matsalar tsakar dare da asuba ta fi kamawa.

Kayan aiki ma iyakarsu ke nan, ma'aunin zafi, sikeli, sirinji, ruwan ƙari. Ba gwajin jini, ba akwatin ɗumama jarirai. In abin ya wuce nan shi da kansa zai ce a tafi Sakkwato, asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, kuma na yaba masa da bai riƙe abin da ya fi ƙarfinsa don kuɗi. Sai dai jaririn da ya riga ya yi sanyi tafiyar awa biyu a mota ba ƙaramin abu ba ne gare shi, in za a yi sai da safar shinkafa da gulukos a hannu.

Wasu a unguwa sun yi ta min tsiya, wai mutane na neman na Panadol ni ina kai mage asibiti. Ban tanka ba. Mu da anka karantar da mu hadisin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta kulle ba ci ba sha, ban ga abin dariya ba, kuma ɓeran da ke sito bai san tsadar rayuwa ba.

Shi na farkon ya tashi. Bayan kwana biyu yana shan sirinji na mayar da shi cikin 'yan uwansa, uwar ta shinshina shi ta hau lasa, na ci gaba da ƙara masa madara a gefe tunda manyan suna ture shi daga nono. Ya buɗe ido a makare kaɗan, su jarirai tsakanin kwana 7 da 14 suke buɗewa, har yanzu kuma shi ne ƙarami amma shi ya fi kowa ɓarna. An ba su maganin tsutsar ciki a shagon da sunka cika sati 2, likita ya auna kowanne kafin ya ɗiba, wannan ma na yaba. Rigakafin mage wanda ake farawa a sati 6 zuwa 8 ba sa ajiyewa, sai an biya an yi oda an jira, na haukan kare kuma sai sun kai wata 3.

Zan koma, amma da sharaɗi. Ku karɓi lambar likitan ku kira kafin ku fito daga gida, in ba ya nan kada ku karɓi komai a kanti sai sirinji da gulukos da madara bayan kun duba gindin gwangwani. In za ku je ku tafi da uwar da sauran 'ya'yan a kwali ɗaya, ba shi kaɗai ba, da littafin awonku, kuma ku fara ɗumama shi tun a hanya, cikin riga a jikin fata ma ya isa. Suna karɓar taransifa, amma netiwok a wurin sai an fito bakin titi.